Rasuwar Ƴar Baƙa, Rikodar Jaridar Bakin Rijiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben aljihu ya tarar da shi fayau, ni Manzo Idrisa, wakilin ƙaramar jaridarmu ta Bakin Rijiya a nan Tanut, nake sanar da jama'ar Damargu rasuwar abokiyar aikina, rikodata Ƴar Baƙa. Ta cika ranar Litinin tana da shekara goma sha huɗu. Ta tafi da muryar maigidana, marigayi Malam Hashimu, wanda ya kafa jaridar, kuma babu wani wurin da muryar take sai cikinta.

Shi ya haɗa mu. Na baro koyarwa a lakwal ɗin Falanko da biro uku a aljihu, ina jin kaina ɗan jarida. Ya ƙwace birukan ya damƙa mini ita. A ƙauyukanmu mai rubutu a gaban mutum jandarma ne ko mai haraji, da an ga takarda sai baki ya mutu. Ita kuwa a ajiye ta kan tabarma, ta ce ƙit, jan idonta ya kama, a manta da ita a yi ta zuba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa katse dattijo ba, ba ta gyara wa kowa magana don ya yi kyau a jarida, abincinta batir biyu. Ita ta ɗauko muryar wata tsohuwa a Belbeji da ta ce, "Ka gaya wa na meri, su magajin gari, rijiyar nan ta fi ni tsufa, kuma ta fi ni ƙishirwa." Muka buga haka, wata bai ƙare ba aka zo yasa. Ta ɗauki kukan manoman Gangara shekarar fara, ta ɗauki tarin magajin gari da atishawar raƙumi, duka da daraja ɗaya.

Kwana uku kafin Malam ya rasu ya sa aka kira mu. Na ajiye ta kusa da matashinsa. "Manzo, ta kama? To, kai ka yi shiru." Ya yi minti arba'in yana ba da labarin rayuwarsa, ya rufe da wasu kalmomi ga matarsa, Inna Halima, ya ce a kunna mata ranar da ta fita takaba. Ni kuka nake, ban riƙe ko rabi ba, na dogara da Ƴar Baƙa kamar kullum. Wata huɗu ina cewa gobe zan kwafe. Duk sanda na kai yatsa, sai zuciya ta hana.

Ciwon ajali ya same ta a rijiyar Tenhya, inda wani raƙumi ya ture ni ta faɗa komin shayar da dabbobi. Na tsamo ta da sauran numfashi. Da na iso gida sai na yi mata maganin da muke wa batir in ya gaji: na shanya ta kan kwanon ɗaki. Na zauna rubuta labari, ban tuna da ita ba sai la'asar, ga ranar bazara. Umaru mai gyara ya buɗe ta ya girgiza kai. Na kai ta Damagaram, can ma haka. Ruwa bai kashe ta ba, ni na kashe ta, kuma ina son a san haka.

Ta bar jakar fata, da igiyar wuya, da batir biyu sababbi da ba ta ɗanɗana ba, da wata waya mai shafe-shafe da ke cewa za ta gaje ta. Ta bar ni.

Za a naɗe ta a farin ƙyalle ranar Alhamis bayan la'asar, a sa ta cikin akwatin tsoffin jaridu a ofis. Za a karɓi gaisuwa a bencin mai shayi na bakin tasha. Kada a kawo komai.

Ranar Juma'a Inna Halima take fita takaba. Ta aiko jiya cewa ta gayyaci ƴaƴanta duka, in zo da wuri. Ba ta sani ba. Duk wanda ya san yadda ake gaya wa mace mijinta ya sake mutuwa, don Allah ya zo ya raka ni.