Jatau da Birkin Gaba

A ƙauyen Kan Tsauni, inda mota ba ta taɓa hawa ba, akwai wani mutum mai suna Jatau. Da shi da matarsa Tabawa da mahaifiyarsa Inna Delu suke zaune. Jatau ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai duk abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Inna Delu kuwa yanar ido ta rufe mata gani, ga labari ya zo cewa likitocin ido za su sauka a garin gindin dutse ranar Laraba, yini ɗaya tak. Abin hawan gidan shi ne wani keken hawan dutse da aka liƙa wa kariya ta ɗaukar kaya a baya. Birkin baya tuni ya mutu, na gaba kuma, mai farantin ƙarfe, ya kama taya ƙam.

Wata rana Jatau ya hau falalen da ake samun sabis ɗin waya, ya kira Sallau mai gyaran keke a gari. Sallau ya ce, "Ɗaga ƙafar gaba sama, ka juya ta ka saurara. Kada ka sauke sai na sake kiranka." Sallau ya shiga ciniki ya manta. Tun hantsi Jatau ke tsaye da keke a sama, gumi na zuba. Da la'asar Tabawa ta zo nemansa.

"Maigida, abinci ya huce."

"Ba ni a baki," in ji shi. "Sallau bai kira ba."

Haka ta tsaya tana ɗura masa tuwo tana masifa.

Wata rana kuma Sallau ya ce, "Datti ne. Kwance farantin ka wanke shi tas, yadda ake wanke kwano." Jatau ya kwance shi, ya dirje da toka da soso, ya ɗauraye, ya kife shi cikin kwanukan Tabawa. Ai nan kwano ke zuwa in an wanke. Inna Delu ta laluba ta ɗauka, ta zuba gero za ta ba maƙwabciya. Farantin duk huda ne. Kafin ta kai ƙofar gida geron ya tsiyaye, kajin unguwa na biye da ita kamar 'yan rakiya.

"Wane marar tsoron Allah ne ya huda mana faranti?" in ji ta.

Wata rana, ana gobe Laraba, an mayar da faranti amma birki na ta ƙugi. Sallau ya gaji. Ya ce, "Kai Jatau, ka ishe ni. Nemi baƙin mai, duk abin da ya yi ƙara ka ɗiga masa." Shi sarƙar keke yake nufi. Jatau ya shafe farantin birki da mai, ya ɗura wa takalman birkin har suka ƙoshi. Ƙofar ɗaki ta yi ƙiiƙ, ya ɗiga mata. Zakara ya yi cara, ya bi shi har bayan rumbu ya shafe masa wuya. Tabawa ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga ya juyo da kwalba, ta yi gum. Taya kuwa ta shiga juyawa sumul, kowa ya ce an gyara.

Ranar Laraba Tabawa ta yi sammako ta gangara kama layi a asibiti. Sallau ya kira ya ce, "Maza ɗora Inna a keke ka kawo ta." Jatau ya ɗora Inna a kariya, ya riƙe kan keke, ya kama gangara a ƙasa yana turjewa da dugadugai. Masu wucewa suka yi ta dariya.

"Jatau, hau mana!"

"Inna aka ce a ɗora. Ba a ce a ɗora Jatau ba."

Silifas ɗinsa suka tsinke, duwatsu suka farfasa masa ƙafa. Inna na cewa, "Ɗan nan, za su tashi fa," shi ma hankalinsa a tashe, amma bai hau ba. Sai bayan azahar suka iso, saura kaɗan a rufe layi. Tabawa ta ja Inna ciki, aka yi mata aikin ido.

Sallau, da ke jira a bakin asibiti, ya fizge keken. "Wawan banza, dubi yadda ake yi!" Ya haye, ya nufi 'yar gangarar bayan asibiti, ya matsa birki. Ko gezau. Ya ƙara matsawa, ya kira sunan Allah, ya zarce cikin kududdufin agwagi, tsulum. Da ya fito, taɓo har gira, bai zagi kowa ba. Ya ɗaga kai ya dubi dutsen da Jatau ya sauko da tsohuwa, tun daga sama har ƙasa, ya gane da Jatau ya hau keken nan, da sun halaka.

Washegari aka kwance wa Inna bandeji. Ta ƙyafta ido, ta dubi fuskar ɗanta, sannan ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura. Ta daɗe tana kallonsu.

"Likita ya ce kada in yi kuka," ta ce. "Yaya za mu koma gida?"

Jatau ya share mata kariya da gefen rigarsa.

"Ba a ce a canja ba, Inna. Ke a sama, ni a ƙasa."