Likitar Auduga a Zungur

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar safiyar nan ba, ranar da aka fara fita da ni gona. Lokacin ina ɗaliba, ina sanin makamar aiki a wani ofishin malaman gona a Bauchi. Wani dattijo daga Zungur, Baba Sale, ya kawo kuka cewa ganyen audugarsa yana sauya launi, ga shi da ita yake riƙe gidansa.

Murna kamar in tashi sama. Na haddace karatun tsaf: in tsofaffin ganyen ƙasa suka yi ja amma jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin magnesiyam ne ya yi ƙaranci, in kuwa sababbin ganyen sama ne suka koɗe, manganis ne. A mota har waƙa na mayar da shi (ni komai sai na yi masa amshi).

Muna isa, ogana Malam Bitrus bai gama gaisawa da mutane ba na hango wani layi a bakin gona, ja wur kamar an ƙunsa masa lalle. Na ruga na durƙusa, na juya ganye, na buɗe littafi. Manoma suka kewaye ni.

"Baba, ai abin a fili yake," na faɗa da muryar manyan malamai. "Magnesiyam ne. Duba, jan har kara ya kama. In ba a hanzarta ba, layin nan ba zai ba da auduga ba."

"Gaskiyarki, 'yata, ba zai bayar ba," in ji Baba Sale a hankali. "Yakuwar mai ɗakina ce, da ita muke yin iyaka. Audugar tana bayanki."

Wani manomi ya juya baya yana tarin ƙarya. (Ni 'yar GRA, unguwar manya, yakuwa a miya na san ta, zoɓo kuma a kofi.)

"Taso, Likita," in ji Malam Bitrus, "marar lafiyar na jiran ki."

Da muka shiga cikin audugar, ganyen ƙasa ne suka yi ja. Magnesiyam ɗin ne dai. Aka ba Baba takin da ya dace, audugarsa ta farfaɗo, ni kuma na koyi tambayar sunan majinyaci kafin in faɗi ciwonsa.

Sai bayan shekaru na karanta cewa auduga da yakuwa dangi ɗaya ne a ilimin tsirrai. Ashe ban yi ɓatan gida ba, ɓatan ɗaki kawai na yi.