Na'urar Leƙa Ciki, Kashi Uku

Jiya Talata na yi tafiyar da ban taɓa yi ba: daga Aliero zuwa Jega a bayan motar albasa, rungume da akwatin talabijin kamar mai jego. Jama'a, kada ku ce sata na yi. Aikin lafiya nake.

Maƙwabcina Maccido, manomin albasa, wata biyar ke nan cikinsa na ci masa wuta, har ya fara aman jini. Likita Barnabas, na wani ɗan asibiti da zan sakaya sunansa, ya ce ba zai yi ta lalube a duhu ba, sai ya leƙa ya ga ko gyambo ne ko abin da ya fi gyambo. Aka yi sa'a wasu bayin Allah sun aiko mana da sabuwar na'ura: siririn tiyo mai ido a baki, a zura shi ta maƙogwaro, hoton ciki ya fito a talabijin.

Sai dai kyautar ta faɗa hannun Kwamitin Raba Daidai, Allah ya ƙara musu basira. Manyanmu uku, kowa ya rantse ba za a yi abin tarihi a bar garinsa ba. Da yake adalci gadonsu ne, aka ajiye tiyo a Jega, talabijin a Aliero, Sista Rita kuwa, wadda ita kaɗai ta iya wanke na'urar, aka tura ta Maiyama. Kwas ɗin koyon aikin a Turai, surukin Mai Girma Uban Kwamiti ne ya tafi, mutumin da ko allura ya gani sai ya runtse ido. Ya dawo da hotuna masu kyau.

Sau huɗu ana ce wa Maccido ya zo bai ci komai ba, sau huɗu ana sallamarsa da sai mako mai zuwa. A na huɗun ya dube ni ya ce, "Malam, wanga azumi da nika yi ko lada babu. Ni dai tsoro nika ji in mutu ban san abin da yak kashe ni ba." Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Shi ne likita ya gaji. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ya aika wa Rita ta hawo babur, ya roƙi Ladan mai motar albasa, ni kuma aka ɗora mini talabijin. Maccido ya ga tsawon tiyo ya so ya noƙe, na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin minti ashirin aka gama. Gyambo ne, mai jin magani. Bawan Allah ya yi hamdala, ya tambayi yaushe zai sha fura.

Yau da safe takardar tuhuma ta iso wa likita. Ashe ba a ƙaddamar da na'urar ba. Ranka-ya-daɗe Sarkin Almakashi bai yanka ƙyalle ba tukuna, ana jiran tela ya gama ankon biki. Kwamiti ya zauna ya yanke hukunci mai cike da hikima: duk abin da na'ura ta gani kafin ƙaddamarwa, a hukumance ba ta gani ba. An mai da kowane kashi garinsa, likita kuma an ba shi kwana uku ya yi bayanin dalilin da ya sa ya yi aikinsa.

Maccido dai ya fara shan maganin gyambon da hukuma ba ta gani ba. Ni kuma, a matsayina na mai biyayya ga na gaba, na ja masa kunne: in sauƙi ya zo, ya riƙa dafe ciki in zai fita. Kada ya kuskura ya warke a bainar jama'a kafin tela ya gama.