Ranar da Turkuɗi Ya Tona Mini Asiri a Kan Hasumiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau hasumiyar babban masallacin Agadas. Ko na so in manta ma ba hali, tunda hoton abin yana rataye a falon Kawu Sani a Damagaram, daidai inda idon baƙo zai fara sauka.

Ni haifaffen Agadas ne, a unguwar Dagmanet aka yanke mini cibi. Baba yana sayar da shadda da atamfa a kasuwa, Inna kuwa ƴar Damagaram ce. Yayanta, Kawu Sani, mushe ne, wato malamin makaranta, mai koyar da tarihi, irin mutanen nan da ba sa iya wuce tsohon bango ba su tsaya sun shafa shi ba. A babban hutun bara da muka kai musu ziyara ni da Inna, sai ya ce iyali za su yi yawon ganin tsofaffin birane. A fara da Birnin Damagaram tunda ga shi a ƙofar gida, daga nan a rako mu Agadas a ga namu.

Matsalata ɗaya a duniya, sunanta Rabi. Ɗiyar Kawu ce, sa'ata, wato taubashiyata. (Ga wanda Allah bai jarrabe shi da taubashi ba: mutum ne da al'ada ta ba izinin ya yi maka tsiya a gaban kowa, in ka yi fushi kuma kai za a yi wa faɗa.) Rabi ba ta taɓa kirana da sunana ba. "Ɗan mace" take cewa, in ta tashi da ƙafar dama ta ƙara da "bawana".

Ranar yawon Birni ita ce ta shige gaba. Kuma, in faɗi gaskiya yanzu da ba ta kusa, yarinyar ta san garinsu. Ta bi da mu lungu-lungu, ta nuna mana gidajen da aka yi wa zane a goshi da launi kamar an yi musu kwalliyar aure, da manyan duwatsun da ke zaune tsakanin gidaje kamar su ma maƙwabta ne, da guntun tsohuwar ganuwa, da ƙofar fadar sarki. Wallahi garin ya burge ni. Har bakina ya buɗe zai ce "kai!" na yi sauri na mai da shi hamma.

Da muka fito ta nuna wajen unguwar Zango ta ce, "Ka ga can? Can ayarin raƙuman garinku ke sauka da can. Ko kakanninku a bayan ganuwa muke ajiye su, ɗan mace."

Abin ya shige ni har ƙashi. Na ce, "Ke dai jira Agadas. Hasumiyarmu kaɗai ta isa ta haɗiye Birninku har da duwatsun."

"Ka taɓa hawa?"

"Ni? A can nake bitar darasi in gida ya yi zafi. Ni zan kai ku har ƙoli, in nuna muku gari gida-gida."

Inna ta dube ni, ta gyara mayafinta. Ita ta san ɗanta. Ta san ko tsani ta ce in hau in sauko mata da abu daga rufin ɗaki sai na tuna ina da aikin lakwal, wato makaranta. Hasumiyar nan kullum ina ganinta, daga ƙofar gidanmu, daga hanyar lakwal, daga kasuwa, amma ban taɓa ko leƙa ƙofarta ba. Abu ne da ke nan kamar hancina, wa ke zuwa yawon ganin hancinsa?

Muka ɗauki kar ta asuba, babbar motar fasinja da ke bi ta Tanut da Adarbisanat. Hanyar ta girgiza mu har na ji hanjina ya sauya wurin zama, amma ni ba ramukan hanya ke damuna ba. Duk lokacin da Rabi ta juyo sai ta ce, "Har ƙoli, ko?" Ni kuma in ce, "Har ƙoli."

Washegarin isowarmu na tashi da shiri. Na ce tunda ni ne gid, wato ɗan jagoran baƙi, dole in yi kama da ɗan gari na ainihi. Na tafi wurin maƙwabcinmu Tonton Aghali, Ba'abzine ne, abokin shayin Baba. Yana da rawanin turkuɗi, baƙi-shuɗi mai sheƙi kamar fiffiken ƙwaro, wanda ba ya naɗawa sai ranar biki. Na roƙe shi aro.

Ya yi dariya har ya ajiye butar shayi. "Mu ba ma naɗa wa yaro rawani sai ya isa."

"Tonton, na yini ɗaya ne. Mutuncin Agadas ne a hannuna."

"To, tunda mutuncin Agadas ne." Ya zaunar da ni ya naɗa mini shi da kansa, ya ja amawali ya rufe mini baki da hanci, idanu kawai suka rage. Sai ya ce, "Amma ka ji. Turkuɗi ba ya shiri da abu biyu, gumi da farin kaya."

Na ce na ji. Na koma gida, na tarar Baba ya fita kasuwa, na buɗe akwatinsa na zaro farar shaddarsa ta Juma'a na zura. (Kar ku tambaye ni dalili. Na dubi madubi ne na ga baƙin rawani a kan farar shadda, sai gargaɗin Tonton ya fice ta ɗaya kunnen.)

Da na fito tsakar gida, Rabi ta yi shiru. Rabi fa! Wannan shirun ya fi mini kilishi daɗi.

Yawon tsohon gari ya tafi yadda nake so, har ma ya fi. Lungunan nan masu jan ƙasa da ke murɗewa kamar ba za su ɓulle ba, sai kawai su ajiye ka a wani fili. Ƙofofin itace gajeru da sai ka sunkuya. Wani tsohon gida da aka yi wa ado da laka daga ƙasa har rufi, Kawu ya tsaya a ciki yana "Masha Allah, masha Allah" har na ɗauka a nan zai kwana. Maƙeran azurfa suna zaune a ƙasa, suna narka ƙarfe suna fitar da abin wuyan nan da aka san garinmu da shi, hannunsu na tafiya kamar ba sa ko tunani. Yawancin wuraren nan ni ma ranar na fara ganin cikinsu, amma rawani ya rufe mini baki, ba wanda ya ga ya buɗe. Inda ban sani ba kuwa sai in ƙirƙira. Rabi ta ɗauki hoto har portabul ɗinta, wato wayar hannunta, ta yi zafi. Na ji ta da kunnena tana ce wa Kawu a hankali, "Baba, garin nan yana da kyau."

Na ci wasa. Saura kawai in tsere wa hasumiya, kuma na tanadi dabara. Da muka iso gindinta na ɗaga kai, na girgiza shi da baƙin ciki na ce, "Kash, yau ba a hawa. Na manta ne."

Kawu ya ce, "Ana hawa. Tun da safe na je na gaida mai kula da wurin, yana jiranmu."

Daga nesa hasumiyar kyakkyawa ce. Daga gindinta kuwa, da ka ɗaga kai ka ga tulin laka ya tafi sama yana tsukewa, sandunan itace sun fito ta ko'ina kamar ƙayar bushiya, sai ka ja da baya. Inna ta samu inuwa ta zauna ta ce ita a nan za ta jira. Ta kalle ni ta ce, "Allah ya kai ku lafiya, mai bitar darasi."

Dattijon da ke kula da wurin ya buɗe mana wata ƴar ƙofa. Ya dubi rawanina ya ce, "Samari, da wannan za ka shiga?"

Na ce, "Da shi na saba, Baba."

Ya ce, "To."

Muka cire takalma. Rabi ta ce gid ne a gaba, ita a bayana, Kawu a ƙarshe. Ciki duhu ne, ga zafi, ga matakala tana juyawa. Da farko ina tafiya a tsaye. Can sai rufin ya sauko ya buge mini rawani. Na sunkuya. Bango ya matso ta dama, ya matso ta hagu, kamar hasumiyar ta gane maƙaryaci ya shigo tana son ta matse gaskiya daga jikinsa. Na koma rarrafe. Gumi ya fara zubo mini daga ƙarƙashin rawani kamar an kunna famfo. Na kama jelar rawanin na share fuska. Tafin hannuna ya jiƙe, na goge a gaban riga. Na sake sharewa, na sake gogewa. A cikin duhu wa ya san me yake yi?

Sai wani abu ya wuce ta gefen kunnena, fir! Wani ya bi shi. Jemagu ne, ashe nan gidansu ne. Na ƙwalla ihun da na tabbata an ji shi har garin Dabaga, can nesa da Agadas.

"Inna! Wayyo Inna!"

Muryar Rabi ta zo daga bayana, a natse. "Lafiya, ɗan mace? Ba abokan karatunka ba ne?"

Komawa baya ba hali, mutum biyu sun toshe hanya. Haka na ci gaba da rarrafe ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci.

Da muka ɓullo ƙoli, haske ya buge ni. Wurin ɗan ƙarami ne, da kyar ya ɗauke mu. Na leƙa sau ɗaya, na hango mutane a ƙasa kamar ƙwayar gero, nan take na zauna daɓas na rungume ƙafar Kawu da hannu biyu na rufe ido. Rawanin ya riga ya warware ya zubo wuya.

Sai na ji Rabi ta ja numfashi, sannan ta fashe da dariyar da har ta kasa tsayuwa.

"Baba, dubi fuskarsa! Baba, dubi rigar!"

Na buɗe ido ɗaya na dubi ƙirjina. Farar shaddar Baba ta cika da shatin hannu shuɗaye, yatsu biyar-biyar, kamar aljanu sun yi ta tafi a jikina. Rabi ta juyo mini da portabul na ga fuskata. Shuɗi tun daga goshi har haɓa, gumi ya ja layi-layi a kumatu, idanu biyu jajaye a tsakiya. Ƙyas, ta ɗauka.

Tana share hawaye ta ce, "To gid, nuna mana gidanku."

Na ce da ƙaramar murya, "Ban taɓa hawa ba."

"Me ka ce? Iska ta yi yawa."

"Na ce ban taɓa hawa ba!"

Kawu shi ma kafaɗunsa na rawa, amma ya daure. Ya dafa kaina ya ce, "Mun sani tun Damagaram, uwarka ta faɗa mana. Tashi, ina riƙe da kai. Ka sha wahalar hawa, kar ka sauka ba ka ga komai ba."

Na miƙe a hankali, hannuna ɗaya damƙe da rigarsa (ita ma ta samu nata shatin). Na duba.

Jama'a, ashe haka garinmu yake? Rufin gidaje jajaye sun bazu kamar an shimfiɗa tabarma, lungunan da muka bi da safe sun zama zare. Ga fadar sarki nan kusa kamar in miƙa hannu. Ga wata mata tana shanya a tsakar gidanta, ga awaki a kan wani bango, ga kore-koren bishiyoyi a bakin gari. Can nesa duwatsun Abzin sun tsaya shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi, bayansu kuma fili har inda ido ya gaji. Mutane ne suka ɗora wannan abu da laka da itace da hannunsu, kuma har yau in ya zaizaye hawa suke yi kan sandunan nan su yaɓe shi. Ni kuwa kullum ina wuce shi ina cin gyaɗa. Rabi ma ta daina dariya. Ta ce, "Kai, ɗan mace. Wannan kam ba mu da irinta." Sai ta ƙara, "Amma ba kai ka gina ba."

Saukowa da baya-baya na yi. Na fito daga ƴar ƙofar nan daidai lokacin da mutane ke taruwa sallar azahar, kuma cikin masu alwala har da Baba, da Tonton Aghali a gefensa. Baba ya dubi fuskata, ya dubi rigar, ya sake duban rigar.

"Wannan ba shaddata ba ce?"

Na ce, "A da ita ce."

Tonton Aghali ya karɓi rawaninsa yana duba ni kamar mai sayen raƙumi. "Mu shuɗin turkuɗi a fata ado ne. Amma abin da nake tarawa a wata guda kai ka kwashe kafin azahar." Na tsuguna yin alwala, ruwa ya taɓa fuskar, shuɗin ya gangara har kunne da gwiwar hannu. Wani yaro ya ja hannun babansa yana nuna ni. Inna tana can inuwa, ta rufe baki da mayafi, jikinta duk yana girgiza.

Shuɗin bai bar bayan kunnena ba sai bayan su Kawu sun koma. Shaddar kuwa na wanke ta har hannuna ya yi kanta, ba ta koma fara ba. Baba ya ce in riƙe, ta zama tawa, kuma da ita zan je Juma'a har in fi ƙarfinta. Rabi ta daina ce mini ɗan mace. Yanzu in ta kira Inna a waya sai in ji tana cewa, "Gwaggo, ina Shuɗi?"

Na sake hawa hasumiyar bayan nan, ni kaɗai, kai ba rawani, kuma daga can na gano rufin gidanmu. Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa baƙo alfahari da garinku, fara zuwa ka gan shi da idonka. In kuma ƙaryar ta zama dole, to don Allah kar ka yi ta cikin farar shaddar babanka.