Dokin da Ya Koyi Bin Shugaba

Duk wanda bai taɓa ganin Na-Sama ba, idanunsa sun yi asara. Mutum ne da Allah ya hore wa ƙirji da tumbi, da muryar da ko gishiri ya ce a miƙo masa sai ka ɗauka sanarwa ake yi. Fenti yake sayarwa, amma ba ya son a riƙa tono wannan. Abin da yake so a sani shi ne, shi ne shugaban Ƙungiyar Mahaya Dawaki ta unguwa. Laƙabin nasa ma daga jawabinsa aka tsinto shi, don ba ya zama a wuri bai faɗa ba: "Mutane iri biyu ne a duniya. Akwai na sama, yana kan sirdi. Akwai na ƙasa, yana matsawa gefe."

Ƙungiyar kuwa ta tara gwanaye. Akwai mai aski, wanda ya gaji linzami a wajen kakansa. Akwai tsohon hedimasta, wanda doki ya taɓa harbi yana yaro, aka karɓe shi a matsayin mai ƙwarewa. Akwai mai kemis, sai sakatare, wani tela da ake kira Tsinke saboda in ya juya gefe sai an neme shi. Doki dai guda ɗaya ne a ƙungiyar kaf, kuma na Na-Sama ne. Shi ya sa, saboda tsabar son adalci, ya kafa dokar zaɓe da bakinsa: duk wanda ya iso ƙofar taron shekara a kan doki, shi ne shugaba. Tun daga nan bai taɓa faɗuwa zaɓe ba.

Sunan dokin Guguwa. An ce dokin mai baki ya fi gudu, to a bakin Na-Sama Guguwa ya sha tsere wa jirgin ƙasa. A zahiri kuwa, daga taro zuwa taro yana tsaye ne a wata rumfa bayan shagon fenti, ƙafafu cikin caɓi, yana kore ƙuda.

Taro ya kusa, sai aka wayi gari ƙafar Guguwa ta baya ta kumbura daga kofato har cinya, ta zama kamar turmi, ga zafi, ga ruwa na tsattsafowa. Na-Sama ya zagaya ta sau biyu, ya sanar da cewa ƙarfi ne ya taru a wuri ɗaya. Sannan ya kori mai kula da dokin, don in abu ya sami manya dole a kori wani. Matar Na-Sama ce ta kira likitar dabbobi ba tare da ta nemi izinin majalisa ba.

Likitar ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga ta wani ɗan rauni a dunduniya, ta kumbura hanyoyin da ke kwashe ruwa daga ƙafar. Ta yi allurai, ta ce a riƙa kwara wa ƙafar ruwan sanyi, a fitar da dokin daga caɓi. Babban maganin kuma tafiya ce, safe da yamma, a ƙasa, ana jan shi, don tsayuwa wuri ɗaya ita ke dawo da kumburin. In ƙafar ta saɓe, a ɗora masa mutum marar nauyi, a hankali, daga baya a gwada sassarfa. Mai nauyi shi ne na ƙarshe. Da ta zo kan wannan gaɓar, tumbin Na-Sama ta kalla.

Shugaba ya kira mahayansa domin a raba aikin jan doki. Nan take mai aski ya tuna yana da ciwon baya, mai kemis ba shi da mai tsare masa shago, hedimasta ya ce shi ya riga ya ba da gudummawarsa tun yana yaro. Babu doki kuwa babu kujera. Haka Na-Sama ya ɗaura lakatayi a wuya, ya kama igiya, ya fito titi da ƙafafunsa, abin da ya shekara yana zagin masu yi.

Bai yi nisa ba wata mai sayar da lemo, sabuwar zuwa, ta dube shi da tausayi ta ce, "Sannu da aiki, baba. A gaishe da maigidan naka."

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya kwanta rigingine yana kallon fanka, har Allah ya buɗa masa basira. Washegari ya cika aljihunsa na baya da karas, ya kwance igiyar, ya haɗa hannuwa a baya, ya shige gaba yana taku ɗai-ɗai. Guguwa ya biyo shi, hanci a manne da wandonsa. Wurin masu jiran mota Na-Sama ya tsaya ya yi wa jama'a bayani.

"Ku buɗe ido ku gani. Ba na jan sa. Shi ke bi na. Ƙaramin mutum ke jan dabba da igiya, babban mutum kwarjini ne igiyarsa. Wannan shi ake kira shugabanci."

Yana cikin jawabin Guguwa ya zare karas ɗaya tare da rabin aljihun.

Gaskiya dai, a faɗi alheri, ƙafar ta fara saɓewa. Da lokacin ɗora marar nauyi ya yi, ba a sha wahalar nema ba. Aka ɗaga Tsinke da hannu ɗaya aka aza a kan sirdi. Shi kuwa sakataren mahaya bai taɓa hawan abin da ya fi kujerar keken ɗinki tsawo ba. Ya rungume wuyan doki, ya runtse ido, ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Haka unguwa ta saba ganinsu safe da yamma: kwarjini a gaba, doki a tsakiya, addu'a a sama. Da aka kai matakin sassarfa, tunda Guguwa ba ya wuce aljihu, dole shugaba ya riƙa yin sassarfar da kansa, tumbi na gaba yana biye. Ya ce wa masu tambaya rangadin gaggawa yake yi.

Ana gobe taro likitar ta dawo, ta shafa ƙafar, ta sa aka zagaya da dokin a gabanta. Ta ce ƙafar za ta ɗan fi 'yar uwarta kauri har abada, amma ya warke, maigida zai iya hawa, da sharaɗin kada a daina fitar da shi kullum. Na-Sama ya karɓi labarin kamar wanda dama shi ya ba ƙafar umarni.

Ranar taro ya sha kwat da takalmi mai sheƙi. Aka jera bokitan fenti, ya taka, matarsa da Tsinke suka tura, ya zauna daram a sama inda Allah ya halicce shi ya zauna. Ya gyara murya ya ce, "Mu je."

Guguwa ya dubi gabansa, bai ga bayan da ya saba bi ba, ya ci gaba da tsayuwa. Shugaba ya zungure shi da dunduniya. Ya yi masa tsawa. Ya tuna masa ko shi wane ne. Can iska ta kawo wa dokin ƙanshin karas daga bayansa, sai ya juya neman aljihu, aljihun kuma ya juya tare da shi. Suka yi ta zagaya wuri ɗaya har Na-Sama ya fara ganin shagonsa biyu-biyu. Matarsa ta shiga gaba da karas a hannu, Guguwa ko kallonta bai yi ba. An koya masa biyayya ga mutum ɗaya, kuma ya riƙe darasin fiye da malaminsa.

Lokaci na tafiya, sai basira ta sake zo wa Na-Sama. Zai shige gaba kamar kullum har ƙofar makarantar firamaren da ake taron, Tsinke ya riƙe masa sirdi a sama, don sirdi babu kowa abin kunya ne ga ƙungiya. In sun isa, kafin kowa ya leƙo daga aji, sai su yi musanya.

Abin da bai sani ba, maigadin makarantar ya tafi da makullin ajin. Mahaya duka suna tsaye a bakin ƙofa, a inuwa, suna jira. Suka ga shugabansu ya ɓullo kwana a ƙasa, gumi sharkaf, aljihu a yage. Suka ɗaga kai suka ga Tsinke a sama, ido a rufe, baki na motsi.

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya karanto dokar zaɓe daga farko har ƙarshe, da irin muryar wanda ya kafa ta. Na-Sama ya ce ai dokin nasa ne. Mai aski ya ce shi dai bai ji inda dokar ta ambaci mai doki ba, kuma shugaba da kansa ya sha faɗa cewa dokar ba ta da gyara. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, shi kuwa nasa har siminti ya yi masa. Aka tafa. Sai a lokacin Tsinke ya buɗe ido ya tambaya ko an iso, aka ce masa an iso, ranka ya daɗe.

Sabon shugaba mutum ne mai tausayi. Da aka sauko da shi, ya ce ba zai bar gogaggen mutum haka babu muƙami ba. Tunda likita ta ce in aka daina fita da Guguwa kumburi zai dawo, tunda kuma mutum ɗaya tak dokin yake bi a duniya, ƙungiya ta ƙirƙiro ofishin Babban Jagoran Tafiya, na dindindin, babu zaɓe.

Yanzu kullum safe da yamma za ka gan su, Babban Jagora a gaba da karas ɗinsa, shugaba a sama ya fara buɗe ido ɗaya. In sun zo wucewa, mai lemo takan ɗaga wa na saman hannu, sannan ta dubi na ƙasan.

"Sannu da aiki, baba. Ashe yau ma tare kuke da maigidan."