Akuyar Gwaggo Yalwa da Fulawar Malam Nomau

Wani mutum ne, Malam Nomau, ya gama aikin gwamnati a birni ya tattaro ya dawo garinsu, ya gina gida mai farin fenti a bakin hanya. Da sanyi ya shigo, kowa ya kai dawarsa rumbu, sai ga shi da a-kori-kura cike da 'yan tsirrai a baƙaƙen ledoji. Wai fulawa. Wai mai sayarwa ya ce masa yanzu ne lokacin dashe, rana ba ta da zafi, saiwa za ta kama kafin bazara. Nan kam bai yi ƙarya ba. Abin da bai gaya masa ba shi ne, yanzu ne kuma lokacin da ake kwance wa awaki igiya. Duk damina suna turke, amfanin gona na shiga gida sai a sake su su nemi na bakinsu. Haka aka taso aka tarar.

Malam Nomau ya jera abinsa a waje jikin katanga, ja da ruwan ɗorawa da wata mai ganye kamar kunnen jaki. Da sassafe mutane na ƙudundune cikin bargo, shi yana waje da hular sanyi da bokiti, haƙora na kaɗawa, yana shayar da abin da ko a miya ba a sa shi.

Maƙwabciyarsa Gwaggo Yalwa tana da wata jar akuya mai jego, 'ya'ya biyu. Rannan akuya ta fita kiwo, ta ga kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe, ta fara daga wannan kusurwa ba ta ɗaga kai ba sai a waccan. Malam Nomau ya fito ya tarar da tsinkaye a tsaye. Ya cafke akuya ya ɗaure a cikin gidansa, ya rantse ba za ta fita ba sai fulawarsa ta dawo yadda take.

Gwaggo Yalwa ta ji kukan 'yan akuyarta har cikin ranta. Ba su sha nono ba, ga sanyi, in aka kwana a haka sai dai a kwashi gawa. Ita kuwa ba ta iya roƙo ba, ba kuma yau za ta koya ba. Ta yafa mayafi ta sami mai unguwa a inda yake shan hantsi da dattawa, aka aika aka kira Malam Nomau.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ai ka san an saki dabbobi. Me ya hana ka yi mata shinge, ko na kara ne?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na kewaye ta da kara, wa zai gan ta?"

Gwaggo Yalwa ta gyara zama. "Kai Nomau, ni fa na san ranar da aka yanke maka cibiya. Gaya mini, wannan abin naka, me yake haifa?"

"Ba ya haifar komai, Gwaggo."

"Magani ne?"

"A'a."

"Ko ƙamshinsa na korar sauro?"

Malam Nomau ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, ba za ki gane ba. Fulawa ba ta ci ba ce, ba ta sha ba ce. Mutum ya fito da safe ya zauna a ƙofar gida ya dube ta, ransa ya yi fari. Iyakarta ke nan. Yanzu in na fito me zan kalla?"

Gwaggo Yalwa ta miƙe tana kaɗe zani.

"Au, dama kallo ne kawai? To ai da sauƙi, ɗan nan. Sako mini akuyata ta ba 'ya'yanta nono. Kullum da safe zan turo maka ita ƙofar gida ka zauna ka yi ta kallo, fulawarka duk tana ciki."