Rasuwar Allon Baba Mika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Mika, mai tsara fitar motoci a wani gidan burodi da ke Zuru, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Baƙin Allo, abokin aikinsa tun yana da baƙin gashi.

Marigayin ya yi rayuwarsa a jikin bango, kusa da ƙofar tanda. Kowace safiya direbobi kan taru a gabansa, Baba Mika ya ɗauki alli ya raba musu duniya: wannan Dabai, wancan Manga, mai ƙarfin taya ya nufi Wasagu. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. Maganarsa ba ta wuce ƙiii-ƙiii ta alli. Mai rufin asiri ne ƙwarai. Lokacin da mahaifiyar Prosper direba ke kwance a Manga, kullum sai hanyar Prosper ta bi ta can, ko da burodin na wani gari ne.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da Peculiar, 'yar mai gidan burodin, ta ajiye kwamfuta a kan tebur. Ta ce, "Baba Mika, gwaji ne kawai, kada ka damu." Baba Mika ya zauna jiran ranar da na'urar za ta tura mota cikin rafi. Damina ta zo ta wuce, ranar ba ta zo ba. Motoci suna dawowa da wuri, mai yana ragowa a tanki, burodi yana isa da ɗuminsa. Direbobi suka koma duba waya, suna wuce marigayin ko gaisuwa babu. Prosper ma ya daina bi ta Manga, domin kwamfuta ba ta san yana da uwa ba. A ƙarshe aka liƙa kalanda a fuskar Allo, numfashinsa ya tsaya.

Ya rasu ya bar tsumman gogewa, da guntayen alli cikin gwangwanin madara, da Baba Mika, wanda aka yi wa alfarma aka mayar da shi mai gadi.

Za a sauke gawar ranar Asabar da hantsi. Kafinta zai yi mata sutura, daga nan a kai ta bayan gida ta zama ƙyauren akurkin kaji. Ana karɓar gaisuwa a bakin ƙofar shiga, inda za a tarar da Baba Mika yana buɗe wa motoci hanya, bai san inda za su ba.